Idan Yaran Ba Su Zo Ba Fa?

Ni ce na yi lissafin. Gara in faɗa tun da wuri, don har yau a gidanmu ba wanda ya buɗi baki ya ce da ni haka, kuma shirun nan nasu ya fi zagi yi min ciwo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a Gaya. Saboda haka duk takardar da ke da lamba a danginmu, a hannuna take ƙarewa: rabon takin zamani, kuɗin siminti, gudummawar biki, har awon fili. Ni ma ban ƙi ba. Ina jin daɗin a zo a zauna ana jirana ina danne-danne a waya, can in ɗago kai in ce, "Ga abin da ya kama." Mijina yakan ce da ana sayar da yarda da kai a kasuwa, da rumfata ta fi ta kowa girma. Ni kuwa sai in ce masa ya kawo ranar da na taɓa yin kuskure.

Ƙanena, autanmu, shi Turanci ya karanta. Ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida Balan ya zauna. Da ƙyar ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ajingi, inda albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, rabinsa ma a man babur yake tafiya. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya ƙorafi, sai dai ka ga ya rame. Ashe a ɓoye ya yi wani kwas ta intanet, na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, yana ta aika takardun neman aiki ƙasashen waje ba wanda ya sani.

Wata Asabar bayan an gama kaka ya zo gidana, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba ya miƙo min waya.

"Yaya, duba min wannan. Amma kar ki gaya wa kowa tukuna."

Takardar ɗaukar aiki ce daga wata cibiyar koyon Turanci a wata ƙasa can Asiya, irin wuraren da iyaye ke kai yara da yamma bayan sun taso daga makaranta. Aikin ba na cikakken lokaci ba ne. An tsara masa awa ashirin a mako, kuma za a riƙa biyansa a kan kowace awa da ya koyar. Kuɗin jirgi da na biza shi zai nema. Ɗaki za su taimaka masa ya samu, amma shi zai biya haya, har sun rubuta abin da hayar za ta kama.

Na gyara zama. Awa ashirin sau kuɗin awa ɗaya, sau mako huɗu, sannan na juya shi zuwa naira. Lambar da ta fito sai da na goge fuskar wayar da bakin zanena na sake dubawa. Ta fi albashina na wata shida. Na cire haya. Na zo kan abinci, sai na sa masa kuɗin cefane, irin wanda mijina ke ajiye min da safe, na ma ninka shi biyu don in nuna ni mai hangen nesa ce. Ko kaɗan bai faɗo min ba cewa kuɗin cefane na miya ne kawai. Ni da ƙanen nawa ba wanda ya taɓa sayen hatsin tuwo tunda aka haife mu. Daga rumbu yake fitowa. Ko da yana jami'a, da buhu ake kai masa. Abin da mutum bai taɓa biya ba, ba ya tuna shi ranar lissafi, ni dai ban tuna ba.

Sai nauyin aikin. Nan ma dariya na yi.

"Awa huɗu a rana, kwana biyar? Kai da kake tsaye a Ajingi tun safe har ƙarfe biyu? Ai hutu za ka je, Auta. Ka dawo mana da tumbi."

Ya yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya ce, "To kuɗin tafiyar fa, Yaya?"

Duk mun san amsar, ba wanda ya so ya fara faɗa. A gidanmu abu ɗaya ne zai iya fitar da kuɗin jirgi: shanun huɗar Baba.

Babanmu malamin allo ne. Shekara arba'in yana karantar da yaran unguwa a zaurenmu, safe da yamma, tsakanin nan kuma yana gona. Bijimai biyu gare shi, fari da ja, tun suna maruƙa ya saye su ya raine su da hannunsa. Su ke ja masa garma su yi huɗar gonakinmu, su yi wa maƙwabta a biya, da rani kuma su ja amalanke a kai taki. Kafin ya karya kumallo sai ya ga sun ci harawa. Inna takan ce da za a tambaye shi 'ya'yansa nawa, da sai ya ƙirga da su.

Washegari muka je Balan. Muka same shi a zaure bayan yara sun tashi. Ni na yi bayani, don ni ce mai baki. Na karanta masa takardar ina fassarawa, na nuna masa lambar, na ce in aka sayar da shanun yanzu, kafin ruwan farko Auta ya turo abin da za a sayi waɗanda suka fi su. Ni na faɗi wannan da bakina, kafin ruwan farko.

Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya saurara har na gama, yana murza carbi, sannan ya ce, "Uwata, wannan kuɗin da kika faɗa, na zamansa ne a wurin, ko na karantarwar?"

"Na karantarwa ne, Baba. Awa-awa ake biya."

"To idan yaran ba su zo ba fa?"

Wallahi dariya na yi. A gaban mahaifina, na yi dariya. Na ce, "Baba, ai can ba Balan ba ne. Su kuɗi suka biya, ga tsari a rubuce. Ba ruwansu da zuwa kiwo ko tsaron gona."

Bai ji haushi ba. Ya nuna tabarmin da yaran suka tashi a kai ya ce, "Da damina zauren nan sai ki ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Ranar kasuwa haka, ranar biki haka. Kuɗin Laraba kuwa a hannun yaron da ya zo yake zuwa, wanda bai zo ba ba ya aiko da shi. Ni dai shekara arba'in ban ga malamin da ya isa ya kawo yaro ba. Uban yaro ke kawo shi."

Na ce, "Sun rubuta awa ashirin, Baba. Ga shi nan."

Ya dubi Auta, Auta ya sunkuyar da kai. Ya dube ni. Ya ce, "To. Ke kika yi boko. In kin ce ya yi, ya yi. Allah Ya sa alheri ne."

Saƙo ɗaya tak ya isa. Da na ce wa Auta ya rubuta musu ya tambaye su tambayar Baba, da sun ba shi amsa, don ba su ɓoye komai ba, mu ne ba mu tambaya ba. Na sha zama ina tunanin abin da ya hana ni. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce. Ko 'yan matan ajina sun zo ko ba su zo ba, ko an yi yajin aiki, ko an yi hutu, albashina yana shigowa, ko da a makare. A kaina, abin da aka rubuta a jadawali shi ne abin da za a biya. Baba kuwa, wanda bai taɓa karɓar albashi ba, shi ya san ainihin irin aikin da ɗansa zai je yi, don shi ma irinsa yake yi.

Ranar Juma'a aka kai shanun kasuwar Wudil. Baba bai bi su ba. Da safen ya ba su dusa da kanwa, ya tsaya har suka cinye, ya shafa wuyan farin, sannan ya shige zaure, ranar ba karatun yara, ya buɗe Alƙur'aninsa ya ɗaga murya. Inna ta haɗa wa Auta kuka da daddawa da yaji a leda uku-uku. Bayan 'yan makonni muka raka shi Kano, ya tashi.

Mutanen can sun riga mu shiga dare da wajen awa shida, don haka idan ya tashi daga aiki ni na dawo daga makaranta ke nan, sai ya kira ni kafin la'asar. Watan farko sai labari mai daɗi. Gari tsaf, wuta ba ta ɗaukewa, yaran suna son taɓa gashinsa. Na riƙa kai wa Inna hotuna ina taƙama kamar ni na gina garin.

A wata na biyu ne ya ce min, "Yaya, wannan makon awa goma sha ɗaya na yi."

"Ina sauran taran?"

"Ana jarrabawa a makarantunsu, iyaye sun hana yara zuwa."

Na ce ai mako ɗaya ne, zai wuce. Mako na gaba wani bikinsu ya zo, aka rufe cibiyar kwana tara, ba biya. Da aka dawo sai sanyi, yaro ya yi mura uwarsa ta bugo da safe ta ce ba zai zo ba, awar ta tafi. Sai aka kawo wani sabon malami Bature, iyaye suka fara cewa a mayar da 'ya'yansu ajinsa. Auta ya ce min Turancin mutumin ma na kan titi ne, ko rubutun kirki bai iya ba, amma ba Turancin ake kallo ba. Ajinsa na yara takwas ya koma uku, sai suka haɗe shi da wani ajin, awa biyu ta zama ɗaya.

Sannan a hankali, ba a rana ɗaya ba, na fahimci hutun nan da na tura shi. Cibiyar tana da rassa uku a gari, kowane da nisa da ɗan'uwansa. Yakan fita da hantsi, ya yi fiye da awa a bas, ya koyar da awa ɗaya, ya zauna a benci awa biyu yana jiran darasi na gaba, ya sake hawa bas zuwa wani reshen. Akwai darasin gwaji da ake yi wa sababbin yara don iyayensu su gani, wannan kyauta ne. Bayan kowane darasi sai ya rubuta wa iyayen kowane yaro bayanin abin da ɗansu ya yi, shi ma kyauta. Yankan hotuna da shirya wasanni, kyauta. Yininsa gaba ɗaya na cibiyar ne, biyan kuma na awa uku. Na ce ya nemi wani wurin ya ƙara da shi, ya ce bizarsa a ɗaure take da sunan cibiyar nan, in aka kama shi yana koyarwa a wani wuri korarsa za a yi.

Abinci kuwa, komai na saye ne. Shinkafa saye, ruwan sha saye, ɗumama ɗaki saye. Naman da Musulmi ya yanka sai ya ƙetare gari, kuma kuɗinsa ba na malamin awa-awa ba ne. Shinkafa da ƙwai ya koma. Ranar da ya ce min kukar Inna ta ƙare, ya faɗa da dariya, ni kuwa na kasa cin tuwon gidana.

Akwai wani bidiyo da cibiyar ta saka don talla, ya turo min don in yi dariya. Ga Auta, ɗan malam, mai digiri, an ɗaura masa kunnuwan takarda yana tsallen kwaɗo yana waƙa, yara 'yan shekara huɗu suna bin sa. Na yi dariyar har na riƙe ciki. Da na sake kallo sai na lura da wuyan rigarsa, yadda ya yi masa yawa. Na shige ɗaki na yi kuka na gaji. Ban nuna wa kowa a Balan ba.

Ruwan farko ya sauka, bai turo komai ba. Ba shi da abin turowa.

Duk wanda ya san noma ya san huɗa ba ta jira. A da Baba ake bi ana roƙo ya sa mutum a layi, bana shi ya koma bin layi. Masu shanun Balan kowa ya fara da gonarsa da ta surukansa. Wani mai shanu daga Kademi ya yi masa alkawarin Litinin, bai zo ba sai Larabar mako na gaba. A tsakanin nan Baba ya ɗauki garmar hannu, da shekarunsa, ya shiga gona. Na kwashi albashina na ɗauki 'yan ƙwadago, suka yi rabin gonar gabas kuɗin ya ƙare. Da na je na tarar da tafin hannunsa duk ya yi bororo, na fara faɗa, don ni idan abu ya fi ƙarfina faɗa nake yi. Ya ce, "Uwata, ai kafin shanun da wannan muke yi." Turakun shanun suna nan a bayan gida bai cire ba, Inna ta mayar da su wurin shanya.

Ban taɓa jin na zama ba komai ba irin damanar nan. Ga ƙanena a can, ga mahaifina a nan, ni kuma a tsakiya da wayata da iya lissafina, ba abin da zan iya yi wa ko ɗaya.

Ana tsakiyar noman farko Auta ya kira. Muryarsa ba ta yi min daɗi ba tun daga sallama.

"Yaya, ki yi min wani lissafin. Awa nawa zan koyar in haɗa kuɗin jirgin dawowa?"

Na ce, "Dawowa kuma?"

"Na gaji, Yaya. Gida nake so. Ko Ajingin ne in koma."

Ya turo min komai: awannin da ya koyar wata-wata tun zuwansa, haya, bas, abinci, ruwa, wuta, katin waya. Na zauna a ofishin malamai bayan an tashi, na ɗauki bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Wannan karon ban bar komai ba, har sabulu na sa. A watan da yara suka zo sosai, ɗan abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. A watan da ba su zo ba, sai ya cinye na watan baya ya ƙara da yunwa. Da na haɗa na raba, sai da ya nuna shekara uku da wani abu kafin kuɗin jirgi ya taru. Bizarsa kuwa ta shekara ɗaya ce, kuma kuɗin sabunta ta ya fi duk abin da zai tara a shekarar. Wato ba ranar da zai taru.

Na sake yi. Na sake yi na uku, ina rage kuɗin abinci ina ƙara masa awanni, kamar ɗalibar da ta san amsar da take so tana neman hanyar da za ta kai ta. Ni da nake dukan tebur ina ce wa 'yan mata kowace tambaya tana da amsa, rago ne kawai ba ya samunta. Mai gadi ya leƙo ya ce, "Malama, zan kulle." Na ninke takardar na sa a jaka.

Ranar Asabar na hau Keke Napep na tafi Balan. Na sami Baba a zaure da yamma, yara huɗu kacal a gabansa, sauran duk suna gona. Ina zama wayata ta yi ƙara, Auta ne. Na miƙa wa Baba. Tunda ɗansa ya tafi bai taɓa tambayarsa kuɗi ba, bai taɓa ambaton shanu ba. Tambayarsa ɗaya ce kullum.

"Auta, yau yara nawa suka zo?"

Ina jiyo muryarsa ta cikin wayar. "Biyu, Baba."

"Ni huɗu. Yau na fi ka." Suka yi dariya su biyun. Sannan ya ce, "To ka karantar da biyun nan da kyau. Ba laifinsu ba ne da sauran ba su zo ba. Kana dai sallah a kan lokaci? To madalla. Ga yayarka."

Na karɓa. Auta ya rage murya ya ce, "Yaya, kin yi?"

Na ce, "Ban gama ba tukuna."

Ya san ni, ya san ba na kwana da lissafi ban gama ba. Ya ce, "To, Yaya. Na gode." Ya kashe.

Baba ya sallami yaran huɗu, suka jingine allunansu suka fice. Ya bar ni na gama wasa da zip ɗin jakata, sannan ya ce, "Yaron nan gida yake so. Na ji a muryarsa tun watan jiya. Me lissafin ya ce?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Ba zai taru ba, Baba. Ko ya shekara nawa."

Ya gyaɗa kai kamar na gaya masa gobe Lahadi. Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure. Daga nan ana hango gonar gabas, rabinta da aka yi wa huɗa a kan lokaci gero ya yi kore shar, rabin kuma yana baya. Gonar da ya gada ce daga mahaifinsa, ita ke cika rumbun da muka ci muka girma.

"In aka yanki rabin gonar can aka sayar," ya ce, "zai kawo shi gida?"

Wannan lissafin ba ya buƙatar waya. Na san kuɗin jirgi, na san yadda ake sayar da gona a Balan. Na ce, "Zai kawo shi, Baba."

Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, a hankali. Ya ce, "Kin tabbata, Uwata?"

Tun ina 'yar firamare nake yi masa lissafi, bai taɓa yi min wannan tambayar ba sai ranar.